Saƙar da kudan zuma ya gina da kansa, ko akwatin firam?

Tambaya: Ina zaune a Agege, na samu fili a wajen Epe inda zan kafa amya biyar. Wasu sun ce in bar kudan zuma ya yi saƙarsa da kansa, wasu sun ce in sayi akwati mai firam don ya fi kawo zuma. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, masu cewa firam ya fi kawo zuma gaskiya suka faɗa, kuma dalilin yana cikin kaki. Kafin kudan zuma ya fitar da kilo 1 na kaki, sai ya sha zuma kamar kilo 6 zuwa 8. A akwatin Langstroth, wato akwati mai firam (katako mai kusurwa huɗu da saƙar ke zama a cikinsa), ana tatse zumar da inji mai juyawa, a mayar masa da saƙar yadda take, aikinsa cikawa kawai. A akwatin sanduna irin na Kenya kuwa, inda kudan ke gina saƙarsa da kansa a ƙarƙashin sandunan da aka jera a sama, yanke saƙar ake yi a matse, dole ya sake gini bayan kowane ɗiba.

Sai dai wannan riba tana tare da injin. In babu shi, matsewa za ka yi, kuɗin firam da wayar ƙarfen da ke riƙe saƙa a cikinsa ya tafi a banza. Faifan kakin da ake shigowa da shi ma, wanda ake sawa a firam don kudan ya gina saƙa a kansa, yawanci an buga shi ne don kudan Turai, raminsa milimita 5.4, namu kuwa ƙarami ne, raminsa bai kai 5 ba. Ga kuma tsutsar asu, wadda ke cinye saƙar da aka ajiye babu kuda, musamman a ɗumi da laimar Legas.

Da amya biyar, akwatin sanduna muke ba ka shawara. Abin da ke ɓata shi kusan kullum awo ne. Faɗin kowace sanda ya zama milimita 32, kada kafinta ya ce 35 ma duk ɗaya ne. In ta yi faɗi, kudan zai gina saƙa a gicciye, ya haɗe sanduna uku ko huɗu, ba ka iya ɗaga ɗaya sai ka fasa. Ka zuba siririn layin narkakken kaki a tsakiyar sandar daga ƙasa, shi zai bi. Akwatin ya zauna daidai ba karkata, a inuwa. A makonnin farko ka riƙa dubawa, saƙa tana da taushi, ana iya miƙe ta da hannu. In ka ɗaga sanda, saƙar ta tsaya a rataye. In ka kwantar da ita, sai ta ɓalle.

Wajen ɗiba, ka yi shi da rani kafin ruwa ya sauka sosai, kuma saƙar da aka rufe bakinta da kaki kawai za ka yanka. Wadda ba a rufe ba ruwanta ya yi yawa, in ya haura kashi 20 cikin 100 zumar tsami take yi. Ka bar kamar faɗin yatsa na saƙa a jikin sanda don ya ɗora gini a kai. Saƙar 'ya'ya kada ka taɓa ta, ka kuma bar masa zumar da zai ci da damina, don kudan namu ba shi da haƙurin yunwa, tashi yake ya bar maka akwati.

Kakin da ya rage bayan matsewa ka narka shi cikin ruwan zafi ka tace. Masu kyandir da man shafawa suna saye, ya rage maka gibin zumar.