Sunan Sharon: na mace ne ko na namiji?

Tambaya: Malam, maƙwabciyata a Kaduna ta haihu, aka raɗa wa jaririyar suna Sharon. Ni kuwa Sharon ɗin da na sani tsohon firaministan Isra'ila ne. Don Allah mene ne ma'anar sunan, kuma daga ina ya samo asali?

Amsa: Malama, tun kafin a kira mutum da shi, Sharon sunan wuri ne. Wani shimfiɗaɗɗen fili ne a gaɓar tekun Bahar Rum, ya taso daga wajen dutsen Karmel ya gangara kudu har kogin Yarkon, dab da Tel Aviv. Biranen Netanya da Herzliya duk a cikinsa suke. Yawancin masana Ibrananci suna mayar da kalmar ga saiwar y-sh-r mai nufin miƙewa da daidaituwa, wadda daga ita aka samu "yashar", miƙaƙƙe, da "mishor", fili. Ma'anar ke nan: ƙasa marar tudu.

To me ya kai sunan fili kan 'ya'ya mata? Littafi Mai Tsarki ne. A Waƙar Waƙoƙi 2:1 amarya tana kwatanta kanta da furen Sharon, kuma Ishaya ya ambaci wurin wajen zancen kyau da makiyaya. Don haka za ki ji iyaye suna cewa sunan yana nufin "fure". Ba haka ba ne. Furen a Ibrananci "habatselet" ne, Sharon kuwa inda ya tsiro. Amma ban ga laifinsu ba, ai furen ne ya sa suka so sunan. A Amurka ya yi tashe ƙwarai tsakanin 'yan mata a shekarun 1940, kuma ta hanyar coci da Turanci ya shigo gidajen Kirista a Nijeriya.

A Isra'ila maza da mata duk suna amsa shi. Shi Ariel Sharon, wanda ya yi firaminista daga 2001 zuwa 2006, sunan iyali ne a wurinsa, kuma ba gadonsa ya yi ba. Scheinermann ne sunan gidansu. An haife shi a 1928 a ƙauyen Kfar Malal da ke cikin wannan filin, daga baya ya sauya zuwa sunan Ibrananci kamar yadda sojojin Isra'ila da dama suka yi a zamaninsa.

Akwai ma wani ɗan itace da ake sayarwa a kantunan Turai da sunan Sharon, saboda a filin Sharon aka riƙa noma shi. Danginsu ɗaya da kanyarmu.