Yaro na karanta Faransanci amma dikte sifili: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana yaran, ya yi musu albarka. Kin ce ɗanki yana CE2, wato aji huɗu na firamare, a nan Garwa ta Kamaru, karatu babu laifi, amma duk ranar dikte, wato ranar da malam ke karantawa yara suna rubuta abin da suka ji, sifili yake kawowa, rubutunsa kuma babu aya babu waƙafi. Kin ce ke Faransancinki bai yi nisa ba, shin akwai abin da za ki iya yi masa a gida? Akwai sosai, kuma mafi yawansa da Hausa za ki fara.

Sifilin nan bai faɗa miki komai ba tukuna. Malamai da yawa cire maki suke yi a kan kowane kuskure, na nahawu ya fi tsada, har makin ya ƙare. Yaron da ya kuskure kalma 10 cikin 50 da wanda ya kuskure 30 duk sifili ɗaya za su kawo gida, alhali ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Ɗauko kayensa, wato littafin rubutunsa, ki buɗe dikte uku na ƙarshe, ki sa wani yayansa da ke kolej ya zauna da ke sau ɗaya ku ware kurakuran. Wasu na kunne ne, bai ji sautin daidai ba. Wasu na ido ne, ya ji daidai amma bai san surar kalmar ba. Saura na doka ne. Inda suka fi taruwa, nan za ki fara, ki bar sauran sai daga baya. Mai gyara komai rana ɗaya ba ya gyara ko ɗaya.

Na kunne su ne aka fi yi wa yaranmu rashin adalci a kansu, a ce ba su da hankali, alhali harshen da suka tashi da shi ne bai raba sautukan ba. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa wani zai ce fanka wani ya ce panka, duk a gane. A Faransanci kuwa pain burodi ne, faim yunwa ce. Port daban, fort daban. Yaran da ke jin Fulatanci a unguwa sukan fi samun sauƙi a nan, don Fulatanci ya raba su. Ba ɗanki madubi: wajen p leɓuna biyu suna haɗuwa su rufe, wajen f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ya gani da idonsa, sannan ki faɗi ɗaya ya nuna wanda ya ji. Haka sautin u na Faransanci, babu shi a bakinmu, yaro ko ya mai da shi i ko ya mai da shi ou, sai rue da riz da roue su zame masa abu guda. Dabarar ita ce ya ce "iii" ya riƙe, sannan ya tsuke baki kamar mai hura wuta ba tare da ya motsa harshe ba. Sai na hanci, banc da bon da bain. Sai kuma al'adarmu ta saka wasali tsakanin baƙaƙe biyu, irin yadda muka sami burodi da tebur. Yaro zai ji bras ya rubuta bara, ya ji plat ya rubuta pala. Minti 5 a rana na irin waɗannan kalmomi masu kama da juna sun isa. In ke ba ki amince da furucinki ba, yayan ya ɗaukar miki su a waya, ki riƙa kunna masa.

Na ido kuma, matsalar ita ce Hausar boko yadda aka faɗa haka ake rubutawa, Faransanci kuwa cike yake da baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa. Koya masa neman ɓoyayyen baƙi a wurin dangin kalmar: petit yana da t don macensa petite ce, grand yana da d don akwai grande, lait yana da t don akwai laitier. Waɗanda ba su da dangi, irin toujours da beaucoup da maintenant, hadda kawai suke so, kalma 5 a rana, kada su wuce haka. Kuma kwafar kalma sau 20 ba ta da amfanin da ake zato, don yaron baƙi ɗaya ɗaya yake ɗauka, idonsa na kai da komo, kalmar ba ta taɓa zama a kansa ba. Ga abin da ya fi: ajiye littafin a bakin ƙofa, allonsa da alli suna kan tabarma. Ya je ya kalli kalmar, ya dawo da ita a kai ya rubuta, sannan ya koma ya duba da kansa. Bayan mako biyu ya riƙa ɗauko jimla guda.

Na doka su ne wurin da Hausa za ta yi miki aiki fiye da kowane littafi. Ɗanki ya riga ya san namiji da mace da jam'i, bai dai san ya sani ba. Ba zai taɓa cewa "yarinya ya zo" ba. Yana cewa farin doki, farar mota, fararen motoci ba tare da an koya masa ba. Nuna masa cewa blanc, blanche, blancs, blanches wannan aikin suke yi. Abin da ke ruɗa shi guda biyu ne. Na farko, jinsin bai zo ɗaya ba: rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji, wata namiji ne, la lune mace, gida namiji, la maison mace, kasuwa mace, le marché namiji. Don haka kada ya taɓa haddace suna tsirara. Ba maison ba, une maison. Kuma un da une sun fi le da la, saboda l'eau da l'école suna ɓoye jinsinsu. Na biyu, a Hausa jam'i kunne ke jin sa, "ya ci" da "sun ci" ba sa kama. A Faransanci il mange da ils mangent sauti ɗaya ne, bambancin a takarda kaɗai yake. To, duk jimlar da ya rubuta ki tambaye shi da Hausa: mutum nawa ne, ya ne ko sun? In ya ce sun, ya sa yatsa a kan sunan ya duba s, ya ja kibiya zuwa aikatau ya duba nt. Wannan tambayar ba ta bukatar ki iya Faransanci, kuma a ganina ita kaɗai tana kwashe kaso mai yawa na makin da yaran CE2 ke zubarwa.

Akwai kuma tagwayen kalmomin da ke cin yara har CM2, ajin ƙarshe na firamare, kowanne da gwajinsa. Tsakanin a da à, ya gwada sa avait. In jimlar ta tsaya, a marar alama za a rubuta. Tsakanin est da et, ya gwada était. Sont da son, étaient. Ont da on, avaient. Ƙarshen é ko er, ya musanya aikatau da vendu ko vendre, wanda ya zauna shi ne amsa. Ɗaya a mako. In kika ba shi biyu tare zai cakuɗa gwaje-gwajen, ya sa avait inda était ya kamata, ya ƙara rikicewa.

Zancen aya da waƙafi, kar ki fara shi da alƙalami. Sa shi ya karanta miki abin da ya rubuta da ƙarfi, ki ce ba shi da izinin numfashi sai inda ya ga aya. Zai sarƙe, zai yi dariya, daga nan ya gane amfaninta. Sannan ki faɗi jimloli da Hausa, shi kuma ya ɗaga allo da alamar da ta dace: "Baba ya dawo." "Baba ya dawo?" "Kai, Baba ya dawo!" Kalmomi ɗaya, murya ce ta bambanta, alamar kuma muryar take rubutawa. Don waƙafi, ba shi "Bari ya tafi" da "Bari, ya tafi", ya faɗa miki bambancin. Ki lura da wani abu: mu muna jera kaya da "da", tumatir da albasa da mai da gishiri, sai yaro ya kwashe wannan ya zuba et sau uku. A Faransanci waƙafi ake sawa tsakani, et sau ɗaya tak kafin na ƙarshe. Aika shi ya rubuta miki cefane a jimla ɗaya kullum, cikin mako guda zai kama. Haka labari, mu da "sai" muke saƙa shi, sai ya tashi, sai ya fita, sai ya ga kare, shi ya sa rubutunsa ke zama et puis, et puis har ƙasan shafi. Gaya masa inda duk bakinsa ya so cewa sai, ya diga aya ya fara da babban baƙi.

Babban baƙin ma yana son kulawa, musamman ga yaron da ya fara da makarantar allo, tunda rubutun Larabci ba shi da babba da ƙarami. Farkon jimla da sunayen mutane da wurare, Garoua, Maroua, la Bénoué. Amma ranaku da watanni a Faransanci ƙaramin baƙi ne, lundi, janvier, saɓanin Ingilishi da ake koya musu a aji ɗaya, kuma nan sukan gauraya.

In rubutun hannun ne ya lalace har malam ba ya gane e da l, duba layukan kayen. Kowane babban gida an raba shi da ƙananan layuka, tsakaninsu milimita 2. Baƙaƙe irin a, e, o, n gida ƙarami ɗaya suke cikawa. T da d suna hawa biyu. L, b, h, k da manyan baƙaƙe suna hawa uku. G, j, y, p suna sauka biyu ƙasa. Layi biyu masu kyau a rana sun fi shafi guda na gaggawa. Kuma ya samu abu mai tauri, ko faranti ne a kife, kada ya rubuta a kan gwiwa.

Rubutu na ƙashin kansa kuwa, wanda zai tarar a jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga sixième, ajin farko na kolej, idan ya kai CM2, kar ki jira sai lokacin. Sau biyu a mako ya ba ki labari da Hausa a kan abin da ya gani da idonsa, kasuwar Pitoa ranar Lahadi, wasan Coton Sport, masu wanki a bakin Binuwai. Ki tambaye shi wa, ina, yaushe, me ya faru. Sannan ya faɗi jimla uku da Faransanci da baki, ya ƙirga kalmomin kowace jimla da yatsu, kafin ya taɓa biro. Uku kawai, da d'abord, ensuite, enfin. Yaron da aka miƙa wa farar takarda aka ce rubuta labari, aiki huɗu aka ɗora masa lokaci guda: neman abin faɗa, fassara shi, tuna rubutun kalmomi, da riƙe hannu. Idan ya gama biyun farko da baki, sauran biyun sun yi sauƙi. A CM1, ajin da ke gaba, sai ku kai jimla shida zuwa takwas.

Duka wannan minti 20 ne a rana, kwana biyar a mako, a lokaci ɗaya tsayayye. Ba da ya shigo daga makaranta da yunwa ba, ba kuma bayan isha'i yana gyangyaɗi ba. In Islamiyya ta cinye la'asar, bayan magariba ya yi, a watannin zafi na Maris da Afrilu kuwa sanyin safiya ya fi. Wajen gyara, kada a rubuta masa daidai. A ja layi da fensir ƙarƙashin kalmar, ya nemo da kansa, in ya kasa sau biyu sannan a nuna masa. Ki riƙa ƙirga kalmomin da ya samu, 38 cikin 50 yau, 41 mako mai zuwa, ki rubuta a bangon kayen inda zai gani. Ina roƙonki da Allah a ajiye bulala a wannan zaman. Yaron da ake duka a kan kuskure dabara ɗaya yake koya, ya rage rubutu, ya zaɓi kalmomin da ba za su jawo masa ba, ko ya ƙanƙanta hannu don kada a gane. In kuma kika ɗauki malamin repetisyon, mai koya masa darasi a gida, ki sa ido kada ya zama mai yi masa aikin gida. Kayen zai yi kyau, dikte na aji yana nan inda yake.

Idan bayan wata uku kuna yin haka yana nan yana juya b da d, yana tsallake gaɓoɓi, ko yana matso da littafi dab da fuska, a kai shi asibiti a duba ido da kunne, musamman in ya taɓa ciwon kunne mai ruwa. A aji mai cike maƙil, yaron da ke bencin baya rabin dikten ma bai ji ba. Ki je da kanki wurin malamin ajinsa ranar Laraba da ake tashi da wuri, ki roƙa a matso da shi gaba, ki kuma tambaya daga wane shafi dikten mako mai zuwa zai fito, don ku shirya kalmominsa tun ranar Asabar.