Ruwa na shiga jirgina ta baya

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin jirgin yawon shaƙatawa a tafkin Jabi, irin wanda injinsa ke ciki, ƙafar farfela kuma a waje ta baya, ƙirar MerCruiser. Tun hunturu yake ajiye. Jiya na saka shi a ruwa, sai ga ruwa ya taru ƙarƙashin inji. Ga Sallah ta matso. Ta ina zan fara? Daga mai karatu, Utako.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da toshiyar magudanar ƙasan jirgi, wato abin da ake ɗaurawa a rufe ramin fitar da ruwa, na sha ganin an kira makaniki ashe ita ce ba a ɗaure ba.

In lafiyarta ƙalau, zargina na kan robobin nan masu lanƙwasa da suka haɗa ƙafar da jikin jirgi. Ranar Abuja da bushewar hunturu suna tsattsaga su, wani lokaci ɓera ma ya taɓa. Ɗora jirgin a tirela, ɗaga ƙafar sama, juya ta dama da hagu har ƙarshe, ka haska tocila kana buɗa kowace lanƙwasa da yatsa. Tsaga ko siririya ce, canza robar, kada a yi mata faci. Irin wannan ɓulin na nutsar da jirgi yana ɗaure cikin dare.

Sannan kwance ƙusar man giya da ke ƙasan ƙafar, ka ɗiga kaɗan. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Cire farfela ka duba bayanta, galibi zaren masunta ne ya naɗe ya yanke sil, wato robar da ke hana ruwa shiga cikin man. Bayan an sauya, ka sa makaniki ya gwada ƙafar da matsin iska kafin a zuba sabon mai.