Ga mai son ajiye aiki ya koma shirya dokumentari

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana so ka ajiye aikin ofis ka rungumi shirya fina-finan dokumentari kan matsalolin al'umma, kana neman sanin kyamarar da za ka saya, da kuma ko sana'ar tana riƙe mutum. Na daɗe a wannan harka, bari in faɗa maka abin da na gani, sai ka auna.

Batun kyamara ba zai ci mana lokaci ba. Wadda ke hannunka ta isa, ko da waya ce mai kyau. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi makirufo, ƙaramin nan da ake maƙala wa mutum a wuyan riga, da abin sawa a kunne don ka riƙa jin abin da kake naɗa. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu ko mai rawa, amma da zarar ya daina jin abin da ake faɗa, ya tashi. Kafin hira, ka yi shiru a ɗakin ka saurara. Firji yana gurnani, fanka tana kaɗawa. Kunnenka ya saba da su, makirufo kuwa sai ya kwashe su duka. Tsofaffin masu ɗaukar sauti in sun kashe firji sukan jefa makullinsu a ciki, don kada su tafi ba su kunna wa masu gida ba.

Game da kuɗi kuwa, kada ka ajiye aikinka tukuna. Yawancin waɗanda na sani a wannan fage da wani aikin suke ci: wani yana ɗaukar hoto ga wasu, wani yana tace finafinai, wato yanka hotunan da aka ɗauka da jera su, wata tana koyarwa. Fim ɗaya mai tsawo yakan ci shekaru, kuma ba albashi a tsakani. Akwai tallafi, ba ƙarya ba ne. Bikin fina-finan dokumentari na IDFA da ake yi a Amstadam ta ƙasar Holan tun 1988 yana da asusun IDFA Bertha mai tallafa wa masu shirya fim daga Afirka da Asiya da wasu yankuna. Cibiyar Sundance a Amurka tana da nata asusun na dokumentari. Ga kuma Durban FilmMart a Afirka ta Kudu, inda ake gabatar da aiki a gaban masu kuɗi. Sai dai babu wanda zai ba ka sisi don ka ce za ka yi fim "kan talauci". Za su tambaye ka: wane ne mutumin? Me yake nema, me ya tare masa hanya? Ya yarda ka bi shi? Ina 'yan mintocin da ka riga ka ɗauka? Kuma za a ƙi ka fiye da yadda za a karɓe ka, sai ka saba.

Ƙungiyoyin agaji su ne za su fi saurin ba ka aiki, kuma ba laifi ba ne, da shi ake biyan kuɗin haya. Amma ka san abin da ka shiga. Na taɓa yi wa wata ƙungiya aiki inda wani dattijo ya yaba musu, sannan ya ƙara da cewa abin da suka gina ya lalace ba wanda ya dawo ya gyara. Suka ce a bar yabon, a cire sauran. Kuɗinsu ne, yarjejeniyar kuma ta ba su maganar ƙarshe. Saboda haka kafin ka sa hannu, duba layin da ya faɗi wa ke da ikon ƙarshe kan tacewa, da wa ya mallaki hotunan da ba a yi amfani da su ba. In nasu ne, ka yi musu aikinsu da kyau, amma kada ka kira shi fim ɗinka.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne ya fi nauyi. Kai za ka naɗe kayanka ka tafi, wanda ka ɗauka kuma zai ci gaba da zama a unguwar, da maƙwabtansa, da maigidansa na aiki, da mutumin da ya ambata a hira. Mutane da yawa suna amincewa ba tare da sun fahimci inda fim zai kai ba. Takardar amincewa da za su sa wa hannu kai take karewa a gaban shari'a, ba su ba. Ka zauna ka gaya musu a fili: wannan zai iya hawa intanet, 'yan uwanki za su iya gani, kuma in ya hau ba ya saukowa.

Wannan matsala ta daɗe. A 1967 Ba'amurke mai shirya fim Frederick Wiseman ya fitar da fim ɗin Titicut Follies, wanda ya nuna irin wulaƙancin da ake yi wa marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da ke tsare a asibitin Bridgewater a jihar Massachusetts. Kotu ta hana a nuna shi ga jama'a bisa hujjar an keta sirrin mutanen, kuma sai 1991 aka sake shi. Kana iya cewa hukuma kanta take karewa, ni ma haka nake gani, amma hujjar ba ta banza ba ce: mutanen da aka nuna tsirara ba su cikin halin cewa e ko a'a. Ka dubi kuma Errol Morris. Fim ɗinsa na 1988, The Thin Blue Line, ya taimaka aka saki Randall Adams a 1989, bayan ya yi shekara goma sha biyu a kurkukun Texas kan kisan ɗan sanda da bai aikata ba. Da ya fito, sai ya kai Morris ƙara kan wa ke da haƙƙin mallakar labarin rayuwarsa. In har haka za ta faru tsakanin wanda aka ceto da wanda ya cece shi, ka san maganar kuɗi da haƙƙi ba ta gefe ba ce. A yi ta tun farko, a rubuce.

Ni dai ba na fitar da aiki sai na nuna wa mai labarin. Wata mata da ta ba ni labarin dukan da mijinta yake mata ta zauna ta kalli abin da na tace. Ba ta ce komai ba kan kukanta, ba ta ce komai ba kan tabon da ke hannunta. Wurin da ta ce in tsaya shi ne inda 'yarta ta gilma ta bayanta da kayan makaranta, na daƙiƙa biyu ko uku. Ta ce da wannan rigar mijin zai gane inda suke. Ni da mai tacewa mun kalli wurin sau ba adadi, ba mu ga komai ba sai yarinya ta wuce. Wasu abokan aiki suna cewa nuna wa mutum fim kafin ya fita yana raunana aikin. Ga mai mulki da kake bincike, na yarda, shi haƙƙinsa a ba shi damar mayar da martani kawai. Ga mai rauni, ban yarda ba.

Biyan mai labari kuɗi ana ta jayayya a kai. Ba na sayen magana, domin wanda aka biya yakan faɗi abin da yake zaton kana so. Amma in na hana mutum aikin yininsa, ina biyan yinin.

A hira, in ya gama amsa, kada ka yi saurin jefa wata tambayar, kada kuma ka kashe kyamara. Shirun nan yana da nauyi, za ka ji kamar ka cike shi. Bar shi. Sau da yawa abin da ka zo nema a bayansa yake fitowa.

Tacewa ce za ta fi cin ranka. Ka rubuta duk hirarrakin a takarda, ka nemi wani ya tace tare da kai, domin kai za ka ƙi yanke wurin da ka sha wuya kafin ka samu ko da bai da amfani. Ka ajiye hotunanka a wuri biyu daban, masu haɗari kuma a kulle su da kalmar sirri. Sauraron labarin azaba sau da sau a ɗakin tacewa yana taɓa mutum, ka samu wanda kake fira da shi a kai.

Shawarata ita ce ka zaɓi mutum ɗaya wanda kake iya isa gare shi a ranakun hutunka, ka yi fim na minti goma, ka gama shi har ƙarshe, ka nuna masa, sannan ka nuna wa waɗanda abin ya shafa da waɗanda ke da ikon yin wani abu a kai. Shi ne za ka haɗa da takardar neman tallafinka ta farko. Maganar ajiye aiki kuma ka ɗage ta sai ka tara abin da zai riƙe gidanka na shekara guda ba tare da fim ya kawo komai ba.