Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan dokokin kwas ɗin tsara sana'a

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun da safe na ga tambayarki na kasa wucewa, don wallahi kamar ni ce na rubuta ta shekara biyu da suka wuce. Kin ce kin yi rajistar kwas ɗin tsara sana'a ta intanet, malama ta turo takardar ƙa'idoji mai tsawo, ga aiki ga yara, kina son sanin ko da gaske ake bin dokar makara da ta shiga dandalin tattaunawa, ko kuwa barazana ce kawai. Na ga wasu sun ce ki kwantar da hankalinki, wai kwas ne mai sauƙi, makin banza ne. Ni ma abin da aka faɗa min ke nan, kuma wannan maganar ce ta cuce ni.

Ana bin su, 'yar'uwa. Ana bin su fiye da yadda ake bi a ajin ido-da-ido, saboda a can malami zai ga fuskarki ya tausaya, nan kuwa na'ura ce ke tsaron ƙofa. Ko wace manhajar karatu ta intanet kuke amfani da ita, Canvas ce, ko Moodle, ko Blackboard, tun farkon zango ake saita lokacin kowane aiki, yawanci ƙarfe 11:59 na dare. Minti ɗaya ya gifta, sai ta buga miki tambarin makara, wani lokacin ma ta rufe wurin turawar gaba ɗaya. Ki kuma duba da agogon wa ake lissafi. Idan makarantar tana wata ƙasa, nasu ne ba naki ba, kuma a yawancin sassan Amurka da Turai ana matsar da agogo da awa ɗaya sau biyu a shekara, sai ki ga lokacin da kika saba ya goce a tsakiyar zango ba tare da kowa ya sanar da ke ba.

Bari in gaya miki abin da ya same ni. A kwas ɗinmu akwai aikin yin hira da wani ƙwararre a fannin da kike sha'awa. Ba neman aiki za ki je yi ba, tambayarsa za ki yi yadda ya fara, yadda wuninsa ke tafiya, abin da ya fi wahalar da shi, sannan ki rubuta rahoto. Kashi 20 cikin 100 na makin kwas ɗin gaba ɗaya yana kan wannan aiki. Na samu wani bawan Allah da ke aikin da nake mafarki, na yi masa bayani tun saura mako huɗu, ya ce babu komai, abin alheri ne, in kira shi ranar Asabar. Asabar ta zo na kira bai ɗauka ba. Washegari ya turo saƙo wai abu ne ya taso, mu bari sai mako mai zuwa. Na ce to. Mako ya zagayo, na shirya tambayoyina guda goma sha biyu, na kai yara wurin ƙanwata don in samu natsuwa, na zauna gaban kwamfuta awa biyu cur ina jira. Bai shigo ba, bai kuma ce uffan ba. Karo na uku da kansa ya sa lokaci, ranar da za a rufe aikin da yamma, har da cewa kada in damu, minti talatin ya ishe mu. Na yarda, don ina jin kunyar in nemi wani alhali shi ya amsa min. Ƙarfe takwas shiru, tara shiru, na kira wayarsa a kashe. Har yau ina tuna yadda hannuna ke rawa ina kallon agogon kwamfuta yana cin mintoci, 11:40, 11:50, ba ni da ko layi ɗaya da zan tura. Na kifa kai a tebur na yi kuka kamar an yi min rasuwa.

Abin da ya fi ci min rai, bayan kwana biyu na ga mutumin nan ya wallafa rubutu a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata, kan muhimmancin taimakon matasa masu tasowa. Da ya ce min tun farko ba shi da lokaci, wallahi da na gode masa na nemi wani. Ba wanda ya tilasta shi. Amma ya riƙe ni mako huɗu da alkawari, bai taɓa ba ni haƙuri ba, ko da kalma ɗaya. Na yafe masa, amma har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Da safe na rubuta wa malamarmu imel mai tsawo na zayyana komai. Amsarta gajeriya ce. Ta ce ta ji tausayina, amma in duba shafi na huɗu na takardar ƙa'idoji: duk mai neman ƙarin lokaci ya nema kafin wa'adi ya cika, wanda ya nema daga baya ba a duba shi sai da shaidar rashin lafiya ko makamancin haka. Na buɗe shafin, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Har da layin da ke cewa in wanda za a yi hirar da shi ya gagara, a sanar da ita ta haɗa ɗalibi da ofishin ba da shawara kan sana'a na makarantar. Wato mafita tana hannuna tun ranar farko, ban karanta ba. Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na tura aikin da hirar wata mata da ta amsa min cikin kwana ɗaya, aka zaftare rabin makin.

Don haka ki buga takardar nan a takarda, ki karanta da biro a hannu, ki kwashe duk ranakun ki zuba a kalandar wayarki. In kuma aikin hirar yana cikin naku, mutum uku za ki nema tun makon farko, kada ki rataya kanki a kan mutum ɗaya.

Batun lokaci kuma, kada kowa ya ruɗe ki. A tsarin kiredit na jami'o'in Amurka, wanda makarantu da yawa ke bi, kowane kiredit ɗaya, wato ma'aunin nauyin kwas, yana nufin awa ɗaya ta darasi da aƙalla awa biyu na aikin gida a mako, tsawon kusan mako 15. Kwas mai kiredit 3 ke nan wajen awa 9 a mako. In an matse shi cikin mako 8, kusan ninki biyu. Ba wuya ke gare shi ba, yawa ne. Makin a warwatse yake cikin ƙananan ayyuka, wannan maki biyar wancan goma, sai ki riƙa cewa wannan ba komai ba ne, ki farga sun taru sun zama tulin da ba za ki iya cikewa ba.

Dandalin tattaunawa shi ne rajistar halartarku. A namu sai ka sa naka rubutun kafin tsakiyar mako, sannan ka amsa wa abokan karatu biyu kafin ƙarshensa. Wanda ya zo daren ƙarshe ya zuba duka uku ya rasa makin na farko. Kuma "na yarda da kai" ba amsa ba ce, sai kin kawo dalili ko tambaya. Ki kula da harshe a wurin, mutane suna buɗe cikinsu sosai a irin wannan kwas, wani an sallame shi daga aiki, wata shekara goma tana gida tana son komawa. Akwai wani a ajinmu da ya yi wa wata dariya don ta ce tana son sauya fanni tana da shekara arba'in da biyar, malama ta goge rubutunsa ta kuma hana shi makin makon. Na ji daɗin hakan ƙwarai.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Za su ba ku gwajin sanin kai, mai yiwuwa na John Holland, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka da ya fara fitar da ra'ayinsa a 1959. Ya kasa mutane da ayyuka gida shida: masu aikin hannu da na'urori, masu bincike, masu ƙirƙira, masu hidimar jama'a, masu jagoranci da kasuwanci, da masu son tsari da lissafi. A ƙarshe za a ba ki haruffa uku da suka fi rinjaye a kanki. Don Allah ki amsa da gaskiyarki, kada ki zaɓi abin da kike ganin zai burge malama, domin duk ayyukan gaba a kansa za a gina su, binciken sana'o'i, CV, wasiƙar neman aiki, har aikin ƙarshe na tsara shekara biyar masu zuwa. Ni na shiga da niyyar aikin lissafin kuɗi, gwajin ya nuna hidimar jama'a ce kan gaba, na kwana biyu ina musu da sakamakon. Ba hukunci ba ne, ba wahayi ba ne, amma ya sa na tambayi kaina abin da na daɗe ina gudu. Yanzu horar da sababbin ma'aikata nake yi, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar haka ba.

Ki nisanci kwafa. Rubuce-rubucen kwas ɗin kusan duk a kanki ne, sai mutum ya ɗauka ba mai ganewa, alhali makarantu da yawa suna bi da ayyuka ta Turnitin, wanda ke gwada rubutunki da na intanet da na ɗaliban baya. Batun ChatGPT kuwa, manhajar nan da ke yi wa mutum rubutu, kowane malami da dokarsa, wani ya haramta sam, wani ya yarda in kin bayyana inda kika yi amfani da shi. Ki nemo sakin layin da ya yi maganarsa a takardar ƙa'idojin, in babu ki tambayi malamarku a rubuce ki ajiye amsar. Haka duk aikin da kika tura, ki sake buɗe fayil ɗin ki tabbatar shi ne, a irin tsarin da aka nema, PDF ko Word, sannan ki ɗauki hoton shafin da ya nuna ya shiga. Ranar da intanet ya yi miki tsiya wannan hoton ne shaidarki.

In abubuwa suka cakuɗe miki, Allah ya kiyaye, ki san ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas. Wanda ya janye kafin ranar, a makarantu da yawa harafin W ake sa masa, ba ya taɓa matsakaicin makinsa, wanda ya ɓace shiru kuwa faɗuwa ake rubuta masa. Amma in kina kan tallafin karatu ki fara tuntuɓar ofishinsu, janyewa na iya shafarsa.

Tunda kina da yara ga aiki, ki rubuta wa malamar yau ɗin nan, layi huɗu sun isa: ki gabatar da kanki, ki faɗi yanayinki, ki tambaye ta yadda take son a sanar da ita in matsala ta taso. In kina son tambayoyin nan goma sha biyu da na shirya don hirar, ki yi min magana in turo miki, suna nan a ajiye. Allah ya ba ki sa'a, ya raya miki yaran.