Amsa ga ƙanena na Ringim kan karatun lissafi a waje

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya sai yau na samu zama. Ka ce ka gama digirin lissafi a Dutse, ka kalli laccar Nakajima, masanin lissafi ɗan Japan, a YouTube kan ka'idar wakilci da jiyometiri ka ji wannan fannin kake so, har Baba na maganar sai da fadama a biya ejan ya nemo maka makaranta. Dan Allah kafin komai ka je ka roƙi Baba ya bar fadamar nan, wlh wannan karatun ba a shigarsa ta hannun ejan, makarantun ne ma suke biyanka in ka cancanta.

Fannin kansa, ka ɗauko faifan Inna mai zane shida a zagaye, ka juya shi kaɗan zanen ya koma daidai inda yake, to juye-juyen nan in ka haɗa su wuri ɗaya su muke kira guruf, ka'idar wakilci kuma ita ce mai da su matiris, wato jadawalin lambobi, ta yadda za ka iya lissafi da su. Abin da ya kama ni ni kaina shi ne masu fiziks suna binciken ka'idar geji mai sufasimetiri, wato wata ka'ida kan ƙananan ƙwayoyin zarra da ƙarfin da ke aiki tsakaninsu, suna neman yanayin da ƙarfi ya fi ƙanƙanta, sai ga siffofi na jiyometiri suna fitowa waɗanda wakilcin aljebrar Lie, wato lissafin juye-juye ƙanana ƙwarai, ke ɓoye a cikinsu. Aikin masana fiziks Seiberg da Witten na 1994 ne ya girgiza kowa, a shekarar kuma Nakajima ya fito da siffofinsa na kwiba, wato siffofin da ake ginawa daga zanen ɗigo-ɗigo da kibiyoyi ke haɗawa. Siffofin yanayin ƙaramin ƙarfin nan suna da manyan rassa biyu, reshen Higgs masu lissafi sun daɗe da gane shi, amma reshen Coulomb sai 2016 Braverman da Finkelberg da Nakajima suka ba shi ma'ana tsayayya, kaga kenan abin sabo ne fil, akwai aiki jibge.

Amma gaskiya kar ka fara daga can. Shekarata ta farko a nan ƙasar waje na zauna a semina awa ɗaya da rabi, allo uku aka cika, abin da na kama bai wuce layi biyu ba, saboda ba a koya mana jiyometirin aljebra a gida ba. Dare nake raba ina cike giɓin. Kai ka fara yanzu, aljebrar layi har ta zama kamar karatun sallah, sai aljebrar Lie, sai tofoloji, wato nazarin siffofin da ake miƙewa ana lanƙwasawa ba tare da an yaga su ba.

Hanya kuwa, ka nemi AIMS, wato cibiyoyin nazarin lissafi na Afirka, akwai su a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu, mastas ce kyauta har da abinci da wurin kwana. Ko difiloma ta shekara ɗaya a ICTP, cibiyar fiziks ta duniya da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Takardun bincike kuma suna shafin intanet na arXiv kyauta, ranar kasuwa in ka shigo gari inda sabis ke da ƙarfi ka sauke su a waya.

Ka turo min sakamakonka da furojet ɗinka in duba, kuma ka fara yi wa malamai biyu da suka san ka sosai maganar wasiƙar shaida tun yanzu. Ka gaida Baba da Inna, ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a kan maganar fadamar.