Amsa kan rubuta wa mai ɗauke da HIV maganin ƙarfin maza

Malam, ka tambaya ko ya dace likita ya rubuta wa mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV maganin raunin mazakuta, tunda ana tsoron hakan zai ba shi damar yaɗa cutar. A ganina ya dace, matuƙar an bi ƙa'ida. Bincike ya tabbatar da cewa wanda ke shan maganinsa na HIV kullum har adadin ƙwayar ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ba ya sa wa matarsa cutar ta hanyar saduwa, don haka abin da ya kamata likita ya fara dubawa shi ne sakamakon wannan gwajin, sannan ya tattauna da shi kan kwaroron roba da sanar da iyalinsa.

Hatsarin da ya fi damuna yana wajen haɗuwar magunguna. Ritonavir, wanda ake bai wa waɗanda maganin matakin farko ya daina yi musu aiki, yana sa sildenafil, wato Viagra, ya taru a jini ninki-ba-ninki, shi ya sa mai shan ritonavir ba ya wuce miligram 25 na sildenafil cikin awa 48. Dolutegravir kuwa, wani maganin HIV ɗin, ba shi da wannan matsala. Mai shan maganin ciwon zuciya na nau'in nitret ba a ba shi sildenafil kwata-kwata.

Idan likita ya hana shi don zargi kawai, kyamis zai nufa ko wurin masu tallar maganin maza a tasha, inda babu mai tambayarsa abin da yake sha.